Lagireton Tsohuwar Mota Mai Ƙwanji: Kafin a Fitar da Kuɗi

Kowace shekara, ranar Asabar ta uku a cikin watan Agusta, titin Woodward da ya fito daga birnin Detroit ya nufi garin Pontiac a jihar Michigan yakan cika maƙil da tsofaffin motoci. Tun 1995 ake wannan taro. Dubban motoci ne ke jera gwano suna tafiyar hawainiya cikin zafin rana, a tsaya, a matsa kaɗan, a sake tsayawa. A gefen titi ba a rasa ganin wadda aka ɗage wa bonet, tururi na tashi, mai ita na tsaye yana jiran inji ya huce. Motar da ke iya cinye kwata na mil cikin daƙiƙa 14 ta kasa jure awa guda a cunkoso. Washegari kuwa abin da yawancin masu irin wannan mota ke yi shi ne neman sabon lagireto, kuma a nan ne da yawa ke zubar da kuɗi ba tare da zafin ya sauka ba.

Motocin da ake magana a kansu su ne waɗanda kamfanonin Amurka suka ƙera tsakanin 1964 da farkon shekarun 1970. A 1964 John DeLorean da abokan aikinsa a Pontiac suka ɗauki inji mai girman lita 6.4 suka cusa a cikin matsakaiciyar mota, suka sa mata suna GTO. Kasuwa ta karɓe ta, sauran kamfanoni suka biyo sahu: Dodge da Charger, Plymouth da Road Runner, Chevrolet da Chevelle SS, wadda a 1970 aka fitar da ita da inji mai lita 7.4 da ƙarfin doki 450. Dokar tsaftace iska ta 1970, da tsadar inshora, da ƙarancin man fetur na 1973 suka taru suka kawo ƙarshen zamanin. Waɗanda suka rage a yau sun haura shekara hamsin, kuma lagireton da suka fito da shi daga masana'anta, in ma yana nan, ya sha ruwa iri-iri.

Katon inji katon murhu ne. Ƙiyasin da makanikai suka saba yi shi ne, ƙarfin da ke cikin fetur yana rabuwa wajen kashi uku: ɗaya ya juya tayoyi, ɗaya ya fita ta salansa, ɗaya kuma ruwan inji ne ke kwashe shi ya kai lagireto, iska ta ɗauke. Duk wanda ya ƙara wa inji ƙarfi, ya faɗaɗa silinda ko ya canza kabureta, ya ƙara wa wannan kashi na uku nauyi, ko ya sani ko bai sani ba.

A ganina tambayar farko da mai mota zai amsa ita ce: yaushe take yin zafi? Amsar tana raba matsalar gida biyu. Idan mota tana tafiya lafiya a babbar hanya amma allura ta fara hawa da zarar an tsaya a danja, iska ce ba ta ratsa lagireton, kuma laifin yana wajen fanka da rumfar da ke kewaye da ita. Idan kuwa tana zaune lafiya a tsaye amma ta ɗauki zafi in an kama gudu na tsawon lokaci, to ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata, ko lagireton ya toshe, ko ya yi wa injin kaɗan. A hali na biyu ne sabon lagireto zai iya yin amfani. A hali na farko, mutum zai iya sayen mafi tsada a kasuwa ya koma cunkoso ya tarar da abin da ya bari.

Rumfar fanka ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce aka fi rainawa. Wani zobe ne na roba ko na ƙarfe da ke rufe bayan lagireto, ya tilasta wa fanka jawo iska ta cikin saƙar lagireton maimakon ta gefe. A cikin shekaru hamsin da yawa sun fashe an jefar, wasu kuma bakanike ya cire don ya sami sararin aiki bai mayar ba. Fankar da ba ta da rumfa iskar da ke kusa da ita kawai take juyawa. Ƙa'idar da aka sani ita ce fukafukan fanka su shiga bakin rumfar kusan rabi, rabi kuma a waje. Haka nan fankar da ke da kulocin da zafi ke kamawa, in kulocin ya mutu, za ka gan ta tana juyawa amma ba ta jan komai. Akwai kuma abubuwan da ba su da alaƙa da ruwa sam. Injin da lokacin tartsatsinsa ya yi jinkiri yana ƙona mai a makare, zafin ya tafi jikin silinda, kuma tsofaffin injina da yawa an cire musu ɗan tiyon da ke gaggauta tartsatsi in inji ba ya ɗauke da nauyi. Kaburetar da ke ba da mai kaɗan ma tana ƙara zafi, ga shi fetur ɗin Amurka na yau galibi yana ɗauke da kashi 10 cikin ɗari na etanol, abin da ba a san shi ba lokacin da aka saita waɗannan kabureta. Tiyon ƙasa, wanda famfo ke zuƙo ruwa ta cikinsa, in ya yi laushi ko ya rasa wayar da ke cikinsa yakan tsuke a lokacin gudu ya hana ruwa wucewa. Masu GTO suna da tasu ta musamman: a injin Pontiac akwai wani faranti bayan famfon ruwa, in tazarar da ke tsakaninsa da fukafukan famfon ta yi yawa, ruwa ba ya tafiya da ƙarfi komai kyawun lagireto.

Wani lokaci ma babu zafin. Yawancin motocin shekarun 1960 ba su da tankin da ke karɓar rarar ruwa, don haka ana barin sarari kamar inci ɗaya a saman lagireto. Wanda ya cika shi fal zai ga ruwa na zuba ƙasa bayan ya kashe mota, ya ɗauka tafasa ta yi, alhali kumbura kawai ruwan ya yi. Allurar da ta shekara hamsin a dashbod ita ma ba abin rantsuwa ba ce. Ma'aunin zafi na hannu, irin wanda ake haska wa ƙarfe daga nesa, ba shi da tsada, kuma yana nuna wuraren da suka yi sanyi a jikin saƙar, wato inda bututu suka toshe. Injin da ya tsaya tsakanin digiri 90 da 99 a ma'aunin Salshiyos cikin cunkoso, bai ci gaba da hawa ba, lafiyarsa ƙalau.

To a ce an bi duk wannan, an tabbatar lagireton ne. Sai babbar gardama ta taso: jan ƙarfe ko alminiyom?

Masu son na dā suna da hujja ta gaskiya. Jan ƙarfe ya fi alminiyom saurin ɗaukar zafi nesa ba kusa ba, kusan 400 a ma'aunin da masana ke amfani da shi, alminiyom kuwa wajen 235. Sai dai tsohon lagireto ba jan ƙarfe ne zalla ba. Siraran ganyayyakin da iska ke bi ta tsakaninsu ne na jan ƙarfe. Bututun da ruwa ke bi na tagulla ne, wadda ba ta wuce 120 ba, kuma abin da ya manne ganye da bututu likin dalma da kuza ne, wanda ke wajen 50. Zafi dole ya ratsa wannan liki kafin ya kai jan ƙarfen, kuma likin yana lalacewa da shekaru, ya saki ganyen, ya kuma yi wani farin gari a bakin bututu daga ciki. A lagireton alminiyom mai kyau kuwa, ganye da bututu duk ƙarfe ɗaya ne, an gasa su a tanderu sun zama jiki guda.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne faɗin bututu. A tsohon salo kowane bututu faɗinsa kamar rabin inci ne, saboda haka in ana son ƙarin sanyaya sai a ƙara layi: biyu, uku, huɗu. Daga nan aka gaji maganar "mai layi huɗu" a matsayin ƙarshen kyau. Alminiyom yana ba da damar yin bututu mai faɗin inci ɗaya ko ɗaya da kwata ba tare da ya kumbura ba. Layi biyu na inci ɗaya suna taɓa ganye a fili mai yawa fiye da layi huɗu na rabin inci, domin tsakanin kowane layi da na bayansa akwai gurbin da ba ya aikin komai, kuma gefen kowane bututu mai lanƙwasa ne, ba ya manne da ganye. Ga shi kuma iskar da ta wuce layin farko ta riga ta ɗumama, kafin ta kai na huɗu ba ta da sauran abin ɗauka da yawa, sannan saƙa mai kauri tana wahalar da fanka. Wannan ne ya sa nake ganin ƙidayar layi ita ce hanya mafi sauƙi ta ruɗar mai saye. Kasuwa cike take da lagireton alminiyom masu araha da ake tallata su da layi uku ko huɗu, alhali bututunsu ƙanana ne, wato an ɗauki rauni na tsohon salo an zuba a sabon ƙarfe. Wanda zai saya ya tambayi faɗin bututu, ya tambayi yadda aka haɗa bututun da farantin tanki. In da gam aka like su, ya bari, domin gam yana tsagewa da yawan zafi da sanyi kuma ba ya waldawa. A Amurka akwai kamfanonin da suka yi suna a wannan sana'a, irin su Griffin a jihar South Carolina, da Be Cool da DeWitts a Michigan, na ƙarshen an fi saninsa da lagireton Corvette. Ko a zamanin can ma alminiyom ba baƙo ba ne, tun farkon shekarun 1960 sashen Harrison na General Motors ya fara sa shi a Corvette.

Duk da haka ban yarda a ce alminiyom ne amsar kowa ba. Waɗannan motoci sun fito daga masana'anta da jan ƙarfe da tagulla, an tuka su a hamadar Arizona da zafin Texas, ba su tafasa ba lokacin da komai nasu sabo ne. Injin da bai wuce yadda aka ƙera shi ba, sabon lagireton tagulla mai girman da ya dace ya ishe shi. Kuma tagulla tana da abin da alminiyom ba shi da shi: tana gyaruwa. Duk mai likin lagireto, a ƙauyen Amurka ko a kasuwar 'yan gyaran mota ta kowane gari, zai iya toshe huda da wuta da dalma. Alminiyom in ya tsage sai mai walda ta musamman, sau da yawa ma sai dai a jefar.

Akwai hanya ta uku, kuma ga motar da har yanzu take da lagiretonta na asali ita nake fifitawa. A kai shi wurin gwani ya narke likin, ya cire tankunan sama da ƙasa da ƙarafan gefe, ya jefar da tsohuwar saƙa ya sa sabuwa, ya mayar da tankunan. Ana samun saƙar tagulla ta zamani mai bututu kusa da juna, wadda ta fi ta asali sanyaya, kuma daga waje ba mai gane an taɓa. Dalilin wannan wahala yana rubuce a jikin tankin. Chrysler tana buga lambar kaya a tankin sama, General Motors tana da sunan Harrison, masana'antar da ke Lockport a jihar New York, Ford kuma tana da tambarinta. Alƙalan gasar tsofaffin motoci suna duba waɗannan lambobi, masu saye a gwanjon Barrett-Jackson da Mecum ma haka. A 2014 an sayar da Plymouth Hemi Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi a kan dala miliyan 3.5 a gwanjon Mecum a Seattle. A irin wannan mota, lagireto mai ƙyalli da alamun walda a gefe ragi ne ga darajarta. Ko motar da ba ta kai nan ba, tankin asali abu ne da ba a sake ƙera shi da wancan tarihin. Matsalar ita ce masu sana'ar sauya saƙa suna ƙarewa, tun da motoci suka koma tankin roba da saƙar alminiyom a shekarun 1980, kuma aikin yakan fi sayen sabon alminiyom mai araha tsada. Wanda ya zaɓi alminiyom don motarsa ta yawo ce, ya wanke tsohon ya busar ya ajiye, kada ya sayar da shi a kilo.

Sai maganar dacewa, wadda ke cin mutane da yawa bayan kaya ya iso. Ɗauki Dodge Charger ta 1969 mai inji 440. Kamfanin ya riƙa sa lagireto iri biyu a wannan jiki, mai faɗin inci 22 da mai inci 26, babban yana zuwa da motocin da ke da na'urar sanyaya ɗaki ko kayan tsere. Amma tagar da ke gaban motar, inda iska ke shigowa, ita ma girmanta ya bambanta. Wanda ya ɗaura mai 26 a bayan tagar 22 ya biya kuɗin inci huɗu da ƙarfe ya tare, ga ramukan kusoshi ba za su haɗu ba. A Ford kuma, bakin tiyon ƙasa na injin 302 ya koma ɗaya gefen a 1970, saboda haka shekarar injin ake tambaya, ba ta jikin mota kaɗai ba, tunda injina da yawa an canza su. Chevelle da GTO sun tashi daga lagireton da ruwa ke gangarowa daga sama zuwa mai kwararowa daga gefe zuwa gefe a 1968, kuma wannan yana zaune ne a kan wasu robobi da faɗinsu ya danganta da kaurin tanki. Salon gefe zuwa gefe yana da fa'ida ɗaya ta gaske, murfinsa yana ɓangaren da matsin famfo bai kai ba, don haka ba ya saurin tofar da ruwa in inji ya ɗau kuka. Amma yanka gaban tsohuwar mota don a canza mata salo ba abu ne da zan ba kowa shawara ba. Mota mai giya mai sarrafa kanta tana buƙatar lagireto mai ɗan bututun sanyaya man giya a cikin tanki. Kuma a auna tazara tsakanin saƙa da hancin famfo kafin a yi oda, domin mai kauri yakan ci wurin fanka.

Fankar lantarki tana jan hankali saboda tana juyawa da cikakken ƙarfi ko mota na tsaye. Tana aiki, amma mai ƙarfi tana iya jan amfiya 20 zuwa 30, alhali altanetar motocin wancan zamani da yawa ba ta wuce 37 zuwa 60 ba, kuma a tsaye ba ta ba da ko wannan. Sai an canza altaneta da wayoyi. Fankar asali mai fukafukai bakwai da kuloci mai rai da rumfa tana jan iskar da fankar lantarki mai araha ba ta kai ba.

Murfi ƙaramin abu ne da ke riƙe da dukan lissafin. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma a ƙarƙashin matsin murfi mai lamba 15 sai ya kai wajen 121, in an gauraya shi rabi da rabi da ruwan sanyaya inji kuma ya kai kusan 129. Motocin nan sun fito da murfi tsakanin 13 da 16. Ƙara matsi fiye da haka yana iya fasa ƙaramin lagireton ɗumama ɗaki da ke ɓoye ƙarƙashin dashbod, wanda shi ma tsoho ne. Game da tamostat, al'adar cire shi da ake gani a wurin makanikai a ƙasashe masu zafi, har da namu, ba ta warkar da komai. Aikinsa shi ne hana inji yin sanyi fiye da kima, ba shi ke sa iyakar zafi ba. Mai buɗewa a digiri 82 ya dace da yawancin waɗannan injina, kuma ɗan tsukewar da yake yi wa hanya tana taimaka wa famfo ya riƙe matsi a cikin kan silinda, inda ruwa ke fara tafasa.

Wanda ya sa alminiyom ya ɗauki wani nauyi da mai tagulla bai ɗauka ba. Yanzu a cikin ruwa ɗaya akwai baƙin ƙarfen inji, da tagullar na'urar ɗumama ɗaki, da alminiyom, kuma a irin wannan haɗi alminiyom ne ke fara cinyewa. Ruwan famfo mai gishiri-gishiri yana hanzarta abin, haka ma wayar da ba ta sauke wuta a jikin mota da kyau ba, sai wutar ta bi ta ruwa ta huda bututu daga ciki. Maganin shi ne tataccen ruwa, da ruwan sanyaya inji mai sinadarin hana tsatsa, a canza irin koren nan na dā duk shekara biyu ko da motar kwana take a gareji, a kuma ɗaura lagireton a kan roba don murɗawar jikin mota kada ta tsaga shi.

Kafin a ɗaura sabo, ko wane iri ne, sai an wanke cikin injin. Shekara hamsin na tsatsa da laka suna kwance a ƙasan ramukan ruwa, kuma sabon lagireto da ruwa ke gudu a cikinsa da ƙarfi zai kwaso su cikin makonnin farko ya toshe bututunsa. A kwance kusoshin zubar da ruwa da ke gefen bulok, a tsokane su da waya in sun toshe, a yi ta ɗura ruwa har ya fito fari. Akwai ɗan rariya da ake sawa a tiyon sama, a riƙa cirewa ana wankewa har ya daina kama komai. Sai a sa sababbin tiyo da sabon murfi, a tayar da mota murfi a buɗe har tamostat ya buɗe iskar da ta maƙale ta fita, a cike ruwan, a bar masa sararinsa na inci ɗaya.